Kwalliya da Kuɗin Sabulu: Darasi kan Auna Amfanin Aikin Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Ɗalibai, a buɗe sabon shafi. Darasin yau na tsare-tsare ne: yadda asibiti, ko ƙungiyar jin ƙai, ko ofishin walwalar jama'a zai shirya aikinsa na kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa bisa amfanin da majinyaci ya samu. Bahaushe ya riga ya taƙaita mana tambayar: shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Aikin kimiyya shi ne ta mai da wannan tambaya abin da za a auna, a rubuta, wani ya zo daga baya ya bincika ya ga ko gaskiya ne.

Girman aikin da ƙarancin hannu

Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a jihohin Yarabawa, wanda aka buga a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas ya taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani kuwa, waɗanda suka samu kulawa a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai ɗaya cikin goma ba. A ɓangaren shaye-shaye, binciken ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi mu'amala da ƙwaya a Najeriya. A shiyyarmu ta Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 13.6 cikin 100.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba. Asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke shiyyarmu yana Maiduguri, tafiyar yini guda daga Jalingo. Jiharmu ta Taraba kuwa ƙananan hukumomi 16 gare ta, daga Karim Lamido har kan tsaunin Mambila, ga kuma waɗanda suka yi gudun hijira zuwa nan a 2014 lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, ga waɗanda rikicin manoma da makiyaya ya raba da gidajensu. Inda kuɗi ya yi kaɗan kuma mabuƙata suka yi yawa, duk nairar da aka zuba inda ba ta yi amfani ba, wani majinyaci aka hana.

Lissafin kansa

Ku rubuta wannan a tsakiyar shafi:

Amfani = sauƙin da majinyaci ya samu ÷ kuɗin da aka kashe kafin ya samu

Michael Porter na Jami'ar Harvard da Elizabeth Teisberg ne suka yayata wannan lissafi a littafinsu na 2006 kan gyaran harkar lafiya a Amurka. Amma tushensa ya girmi littafin. Tun 1966 Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya raba awon ingancin jinya gida uku. Akwai kayan aiki: gini, gado, ma'aikata, magani a kanta. Akwai aikin da aka yi: mutum nawa aka gani, allura nawa aka yi, taro nawa aka kira. Sannan akwai sakamako, wato abin da ya sauya a jikin majinyaci da rayuwarsa.

Ku ɗauki rahoton shekara na kowace ƙungiya ku duba. Za ku tarar da gida na farko da na biyu a cike: an horar da mutum kaza, an wayar da kan unguwa kaza, an raba riguna da huluna. Gida na uku galibi fayau yake. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙirga waɗanda suka shigo ƙofa abu ne mai sauƙi, ana yin sa a zaune. Sanin halin da suke ciki bayan wata shida sai an tashi an bi su.

Mene ne sauƙi, kuma wa zai faɗa?

Nan ne darasin ya fi nauyi, saboda haka za mu ɗan jima. Mai zazzaɓin cizon sauro ana ɗibar jininsa a ga ƙwayar cutar ta tafi. Ciwon ƙwaƙwalwa ba shi da irin wannan gwaji. Dole a auna shi da tambaya da lura, kuma a yi tambayar iri ɗaya kowane zuwa, in ba haka ba babu abin da za a kwatanta.

Ma'auni na farko na alamun ciwo ne. Ga ciwon damuwa akwai takardar da ake kira PHQ-9. Tambayoyi tara ne kan mako biyun da suka wuce: rashin sha'awar komai, baƙin ciki, barci, kasala, cin abinci, raina kai, tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, da tunanin mutuwa. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai 10 yana buƙatar a duba shi da kyau. 20 zuwa sama ciwo ne mai tsanani. Idan makin ya ragu da rabi, magani ya fara aiki. Idan ya sauko ƙasa da 5, ana lissafa shi cikin waɗanda suka murmure. Ga farfaɗiya ma'aunin ya fi sauƙi: sau nawa ya faɗi a wata?

Wani gargaɗi a nan. Da wuya majinyaci ya zauna ya ce muku yana da ciwon damuwa. Abin da za ku ji shi ne, "Kaina zafi yake yi," ko "Tunani ya yi mini yawa," ko "Wani abu na yawo a jikina." Sannan a yankinmu ba kowa ne Hausa ta zauna a bakinsa ba. Tsohuwar da Fulatanci ko Mumuye ne harshen da take baƙin ciki da shi, in aka yi mata tambayoyin da Hausar asibiti za ta ce "to" ga komai, ku kuma ku rubuta lambar da ba ta nufin komai.

Ma'auni na biyu na iya aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takarda mai suna WHODAS, wadda gajeruwarta tambaya 12 ce kan kwana 30 da suka wuce. Tana duba fahimta, zirga-zirga, kula da kai, zama da mutane, ayyukan gida da na neman abinci, da shiga harkokin jama'a. A ganina wannan ya fi na farko kusa da abin da mutane ke nema. Mai taɓin hankali zai iya ci gaba da jin muryoyi jefi-jefi, amma yana wanka da kansa, yana zuwa gona, yana cin abinci tare da iyalinsa. Wannan sauƙi ne babba, ko da takardar alamu ba ta nuna shi sosai ba.

Ma'auni na uku babu takardarsa, ku za ku rubuta shi ranar farko. Ku tambayi majinyaci: in Allah ya ba ka lafiya, me kake so ka koma yi? Wata za ta ce kaskon ƙosanta. Wani saurayi zai ce a mayar masa da makullin Keke Napep. Wata za ta ce a dawo mata da jaririnta da aka karɓe tun da ciwon ya kama ta bayan haihuwa. Ku rubuta da kalmominsu, ku dawo kansa bayan wata uku, da wata shida, da shekara.

Ku lura, burin dangi da na majinyaci ba kullum suke haɗuwa ba. Dangin da suka sha wahalar mai fisge-fisge abin da suke so shi ne ya yi shiru. In aka ɗura masa maganin Largactil fiye da kima zai yi shirun: ya wuni yana barci, jiki a sandare, yawu na zuba, hannu na rawa. Dangi za su yi godiya, rajista za ta ce an samu nasara, shi kuwa an sauya masa wani ciwon da wani ne. Shi ya sa illar magani ma take cikin abin da ake aunawa, kuma shi ya sa ake jin bakin majinyaci daban, a ji na mai jinya daban.

Kuɗin wa ake ƙirgawa?

Ƙasan lissafin, wato kuɗi, shi ma yana da nasa ruɗin. Akanta zai kawo muku albashi, magani, man mota, kati. Wannan kuɗin ƙungiya ne. Amma a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kuɗin mota zuwa asibiti, na mutum biyu ko uku domin mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai; yinin da mai rakiya ya rasa a kasuwa; akuyar da aka sayar; abin da aka riga aka kai wa boka ko gidan addu'a kafin a iso gare ku. Shirin da ya rage wa ƙungiya kashe kuɗi ta hanyar ɗora wa iyali ɗawainiya bai rage komai ba, ya dai sauya mai biya.

Kuma ana lissafin ne daga farkon jinya har ƙarshenta. Ɗakin shan maganin da ya bari maganin farfaɗiya ya yanke na wata biyu, a takarda ya yi tsimi. Amma wanda aka yanke wa fenobabiton farat ɗaya zai iya shiga faɗuwa a jere ba ƙaƙƙautawa, abin da ke iya kisa, ko ya faɗa wuta ko ruwa. Kwana uku a gadon Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jalingo ya haɗiye kuɗin ƙwayar shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, kuma akwai maganin da kuɗinsa na shekara bai wuce dala 5 ba.

A allo

Lambobin nan na koyo ne, ni na ƙirƙire su domin lissafi. A ce cibiyoyi biyu kowacce ta kashe naira miliyan 3 a shekara kan masu farfaɗiya. Ta farko ta yi wa mutum 300 rajista. A ƙarshen shekara 60 ne aka tabbatar sun yi wata shida ba su faɗi ba. Ta biyu ta yi wa 150 rajista, ta ware kuɗi don bin marasa lafiya gida da ajiye magani kada ya yanke. 90 suka yi wata shida lafiya lau.

In aka raba kuɗi da yawan rajista, ta farko ta kashe naira 10,000 kan kowane mutum, ta biyu 20,000. Mai duba rahoto zai yaba wa ta farko. In aka raba da yawan waɗanda suka samu sauƙi, ta farko ta kashe 50,000 kan kowane ɗaya, ta biyu kuwa 33,000 da 'yan kai. Kuɗi ɗaya, shekara ɗaya, hukunci ya juye.

Na ga hannu a baya. "Allah gafarta Malam, to sauran 150 ɗin da cibiya ta biyu ba ta karɓa ba fa, ina za su?" Tambaya ce mai kyau, kuma lissafin nan shi kaɗai ba ya amsa ta. Shi ya sa ake ƙara masa tambaya ta biyu: cikin duk masu ciwon a yankin, kashi nawa muka kai gare su? Sai dai ku tuna, mutum 240 na cibiya ta farko da aka ba su ƙwayar wata biyu suka ɓace, sunansu ne kawai ya samu kulawa.

Abin da Taraba ta riga ta gani

Biyan kuɗi gwargwadon aiki ba baƙon abu ba ne a nan. Shirin NSHIP, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa a 2012, ya fara a jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo, bayan gwaji a ƙananan hukumomi uku, ciki har da Fufore. A 2016 aka ƙara kuɗi aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohin Arewa maso Gabas, har da Taraba. Ƙarfinsa ya kasance kan lafiyar mata da yara. A lokacin shirin, cibiya na da asusunta a banki, ana biyan ta kan kowace haihuwa da awon ciki da rigakafi da aka tantance, a ƙara mata lada in ta ci makin inganci, wani kaso ya tafi ga ma'aikata, saura a gyara wuri a sayi magani. Ana kuma aika mutane cikin gari su tabbatar sunayen da ke rajista na gaske ne.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na ɗaya, abin da aka biya a shirin yawan aiki ne da ingancin shiri, wato gida na farko da na biyu na Donabedian. Bai kai ga sakamako kai tsaye ba. Na biyu ya fi ban sha'awa. A jihohi ukun farko an kwatanta wannan tsari da wani mai sauƙi, inda ake tura wa cibiya kuɗi kai tsaye, kimanin rabin na waccan, ba tare da sharaɗin yawan aiki ba. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna duka biyun sun inganta aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Ke nan babban rabo na ci gaban daga isar kuɗi hannun cibiya ya fito, da 'yancin kashe shi, da sa ido. Duk wanda ya ce muku ladan aiki shi kaɗai ke gyara asibiti, ku tuna masa da wannan.

Inda ake zamewa

Da zarar an ɗaura albashi ko tallafi a kan wata lamba, mutane za su fara yi wa lambar aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce zaɓen majinyata: a karɓi mai ƙaramar damuwa da zai warke ko ba magani, a tura mai shekara goma a ɗaure wani wuri. Maganin wannan shi ne a rubuta halin da kowa ya zo da shi, a auna nisan da ya yi daga inda ya taso. Wanda aka cire wa mari ya fara wanka da kansa ya yi tafiya mai nisa, ko bai koma kasuwa ba.

Hanya ta biyu ita ce mantawa da waɗanda suka ɓace. Cibiya ta ce kashi 90 na majinyatanta sun samu sauƙi, ashe waɗanda suka ci gaba da zuwa kawai ta ƙirga. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya shiga rajista yana cikin lissafi har a san inda ya ƙare. A harkar shaye-shaye wannan ya fi muni: yaron da ya bar tiramol yana tsare a ɗaki bai nuna komai ba tukuna, a tambaye shi bayan wata shida da komawarsa majalisar abokansa.

Ingila ta fara wani babban shiri na jinyar damuwa da fargaba ta hanyar tattaunawa a 2008. Ana cika takardar awo a kowane zama, ana buga sakamakon kowace cibiya a fili, kuma burin da suka sa wa kansu shi ne rabin waɗanda suka kammala jinya su murmure. Rabi, a ƙasa mai kuɗi da ƙwararru. In kun ga rahoton da ya ce kowa ya warke, ku nemi rajistar.

Shawarata ga ƙaramar ƙungiya: shekarar farko a auna kawai, kada a haɗa awo da ladan kowa. Ma'aikacin da ya san lamba ba za ta taɓa albashinsa ba ya fi faɗin gaskiya.

Shirya aiki a yankinmu

Sai a fara da abin da za a iya. Ciwo uku ko huɗu sun isa: farfaɗiya, taɓin hankali, ciwon damuwa musamman na masu jego, da shaye-shaye. Dukkansu suna cikin shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, wanda jagoransa na 2010 ya koya wa nas da jami'in lafiya na matakin farko yadda zai gane su, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa. Maƙwabciyarmu Binuwai ta yi amfani da shi a cibiyoyin ƙananan hukumomi, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da cocin Methodist da ƙungiyar CBM.

Lissafin amfani kusan kullum yana karkata ga jinya kusa da gida, kuma ɗan Najeriya ne ya nuna wa duniya haka. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Bayan shekaru fiye da sittin, gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali da ke hannun masu maganin gargajiya da na addu'a sun fi samun sauƙi idan jami'in lafiya na zuwa yana duba su a can, su biyun suna aiki tare. Tunda mutanenmu wajen malamin ruƙiyya ko fasto suke fara zuwa, shirin da ya yi kamar babu su ya bar yawancin majinyata a waje. Amma haɗin kan yana da iyaka: babu duka, babu horon yunwa, babu sarƙa. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300 a tsare, da yawa a cikin mari, ya isa hujja.

Doka ma ta sauya. Wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci, da sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Mai neman kaso daga irin waɗannan asusu, ko daga majalisar jiha, in ya zo da lissafin mutum nawa suka koma gona da makaranta a kan naira nawa, ya fi mai hotunan taro abin faɗa.

Kayan aikin ba su da tsada: rajista mai layi ɗaya ga kowane majinyaci, da gurbin ranar farko, wata uku, wata shida, shekara, lambar wayar mai jinya, da mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne neman duk wanda ya tsallake ranar zuwansa. A sa lamba a madadin suna a duk takardar da za ta fita daga ɗakin, domin a garuruwanmu labarin farfaɗiya ko taɓin hankali yana iya fasa auren yarinya har da na ƙannenta. Kowane wata uku a zauna da kwamitin lafiya na mazaɓa, da mai unguwa, da wakilin majinyata, a karanta jimlar: nawa suka shigo, nawa suka samu sauƙi, nawa suka ɓace, nawa aka kashe. Abin da aka gani shi zai yanke inda kuɗin wata ukun gaba za su tafi, ko da hakan na nufin a soke taron wayar da kai a sayi magani.

Aikin gida

Ku koma kan cibiyoyi biyun da ke allo. A ce kowane iyali a cibiya ta farko yana kashe naira 2,000 a kowane zuwa, sau 12 a shekara ga mutum 60 da suka dage, sau 2 ga sauran 240. A cibiya ta biyu, da yake ana kai magani kusa, naira 500 ne a kowane zuwa, sau 12 ga duka 150. Ku haɗa wannan da naira miliyan 3 na kowacce, ku sake fitar da kuɗin kowane mutum ɗaya da ya samu sauƙi. Sannan kowa ya rubuta tambayoyi biyar da zai yi wa mai jego don gane ko tana cikin ciwon damuwa, da harshen da ake yi a gidansu, ba tare da kalmar "hauka" ta fito ba. A kawo ranar Litinin.